ARAHA BA TA ADO: RININ GASHI A GIDA DA BAƘIN DAYIS

Masu iya magana kan ce garin neman gira a rasa ido. Wannan karin magana ya dace ƙwarai da wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakanin maza da mata, watau sayen baƙin dayis mai araha a kasuwa, a dama shi a gida, a shafe kai da shi domin ɓoye furfura ko ƙara wa gashi baƙi. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa rinin gashi ba laifi ba ne a kan kansa, amma yin sa a makance, da kayan da ba a san asalinsu ba, ganganci ne da bai kamata mai ilimi ya yi ba.

Da farko, ya kyautu a tuna cewa canza launin gashi ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Tun kaka da kakanni mata kan shafa shuni a kitso, dattawa kuwa kan sa wa gemu lalle. Addini ma bai bar batun ba. Ya zo a Sahihu Muslim cewa a ranar buɗe Makka an kawo Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, kansa da gemunsa fari fat, sai Annabi (SAW) ya yi umurni da a canza launin, amma a nisanci baƙi. Haka kuma littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda almajiran ƙasar Hausa suka sani sarai, ya bayyana rini da baƙi a matsayin makaruhi wanda bai kai haram ba, ya kuma halatta lalle. Ke nan tun kafin zuwan dayis, magabata sun bambance tsakanin rini da rini.

To, mene ne bambancin lalle da dayis? Lalle ganye ne, launinsa kan kama jikin gashi ba tare da ya fasa shi ba. Dayis mai zaunawa kuwa aikin sinadarai ne, kuma akasari uku ne suke haɗuwa. Amoniya ita ke buɗe ɓawon da ya lulluɓe silin gashi. Ruwan feroksaid shi ke dusashe launin asali. Na ukun, wanda ake taƙaita sunansa da PPD, ƙananan ƙwayoyi ne da ke kutsawa cikin silin, su haɗu da juna su girma har su kasa fitowa. Wannan shi ne dalilin da ya sa wanki ba ya fid da shi. Wani Bajamushe, August Wilhelm von Hofmann, shi ya fara samar da PPD a shekarar 1863, sa'an nan a 1907 Eugène Schueller na Faransa ya haɗa rinin gashin da ya zama tushen kamfanin L'Oréal.

Haɗarin yana tattare da PPD ɗin nan. Sinadari ne da jikin wasu mutane kan ƙi, kuma ƙiyayyar ba lalle ta bayyana a karon farko ba. Mutum kan yi rini sau biyar lafiya lau, a na shida ya wayi gari da ƙaiƙayi, da ƙuraje masu ruwa, da kumburin fuska har idanu su rufe. Da zarar jiki ya ƙi shi kuwa, yawanci ya ƙi shi ke nan har abada. Saboda haka ne ƙungiyar likitocin fata ta Amurka mai nazarin irin wannan cuta ta ayyana shi a matsayin sinadarin da ya kamata a fi lura da shi a shekarar 2006, Tarayyar Turai kuma ta ƙayyade kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an dama rinin. A shekarar 1933 wani rinin gira da gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mace a Amurka, lamarin da ya taimaka wajen kafa dokar kayan kwalliya ta 1938. A nan karin maganar Bahaushe ya tabbata baki da baki.

Abin da ya ƙara dagula lamarin a ƙasar Hausa shi ne dayis ɗin da ake zana wa amare a hannu da ƙafa da sunan baƙin lalle. Lalle na gaskiya ja ne, baƙin kuwa sau da yawa daga PPD yake. Amaryar da aka yi wa zane da shi tana iya ɗaukar ƙiyayyar tun daga ranar, sai bayan shekaru ta rina gashinta abin ya tashi. A Sudan, inda ake yawan gauraya shi da lalle, likitoci sun daɗe suna ba da rahoton waɗanda suka sha shi, maƙogwaro ya kumbura, ƙoda ta lalace. Ajiye irin wannan gari a inda yaro zai kai hannu wasa ne da rai.

Masu kare wannan ɗabi'a suna da hujjarsu, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce kuɗin shagon gyaran gashi ya fi ƙarfin talaka, ga kuma saurayin da furfurar gado ta riske shi tun yana ɗan shekara ashirin da biyar, yana neman aiki ko aure. Gaskiya ne. Sai dai lissafin araha bai cika ba. Gashi kan tsiro kimanin santimita 1 a wata, saboda haka bayan mako huɗu zuwa shida farin ya leƙo daga tushe, dole a sake saye, a sake shafawa. Kowace shafawa kuwa ƙarin kusantar haɗari ce, kuma kuɗin asibiti na rana ɗaya yana iya cinye abin da aka tsimi a shekara.

Ga wanda ya ƙudura sai ya yi, akwai sharuɗɗa. Ya sayi mai kwali da jerin sinadarai da lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ya guji garin da ake ƙullawa a leda ba suna. Ya gwada ɗan kaɗan a bayan kunne, ya jira awa 48, a kowane karo. Ya sa safar hannu, kada ya wuce lokacin da aka rubuta, kada ya shafa a kan rauni ko gira. Mace kuma kada ta haɗa shi da man miƙar da gashi a rana ɗaya, domin gashin kan karye.

Daga ƙarshe, akwai tambayar da ta fi ta sinadari nauyi: yaushe furfura ta zama abin kunya? A al'adar Bahaushe, mai furfura ake shimfiɗa wa tabarma, shi ake kira idan rigima ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Al'ummar da dattawanta suka koma gudun alamar dattakunsu ta rasa wani abu da ba a sayar da shi a kwali. Mai son ado ya yi adonsa, amma ya yi da sani, domin rigakafi ya fi magani.