Ciwon Karkarwa da Haƙƙin Mai Jinya

Ciwon nan da likitan Ingila James Parkinson ya bayyana siffofinsa a 1817, wanda kan fara da karkarwar hannu, sannan gaɓoɓi su sandare, tafiya ta yi nauyi, murya ta raunana, har yau jama'armu da dama na jingina shi ga sammu ko tsufa, alhali kuwa asalinsa mutuwar wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ne masu samar da sinadarin dofamin. Saboda haka akan daɗe ana kai da komo tsakanin mai magani da kemis kafin a dangana da likitan jijiyoyi a asibitin koyarwa, irin na Aminu Kano ko na Shika, inda ake rubuta levodopa, maganin da ba ya warkarwa amma yana sassauta wahala ainun, muddin an sha shi kan lokaci, aljihu kuma ya jure. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne halin mai jinya. Ɗan damben nan Muhammad Ali, wanda aka gano yana da wannan larura a 1984, matarsa Lonnie ta tsaya a kansa shekara 30, amma da wadata a hannunta. Wata baiwar Allah kuwa a Funtuwa, wadda ke juya maigidanta cikin dare, ta yi masa wanka, ta ba shi abinci a baki, sau da yawa ba ta samun komai daga dangi face "sannu da ƙoƙari". Lalle wajibi ne 'yan'uwa su raba kwanakin jinya tsakaninsu, limamai su ambaci haƙƙinta cikin huɗuba, asibitoci kuma su koya mata yadda ake ɗaga majiyyaci ba tare da bayanta ya taɓu ba.