Waiwaye: Zamanin da Kompaila Ke Shiga Aljihu

Mu da muka fara taɓa kwamfuta a Ƙaura Namoda kafin sabis ya shigo gari, zaɓen kayan aiki bai taɓa hana mu barci ba. Abin da ka tarar a kan na'ura, shi ne rabonka: QBasic, wadda ke zuwa tare da MS-DOS tun 1991, ko Turbo Pascal mai shuɗin allo. Kamfanin Borland ya fitar da Turbo Pascal a 1983, shekarar da aka kafa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a nan Ƙaura. Tsararraki ne ke nan.

Yau yaranmu sai su kwashe wata guda suna gardamar wace kompaila ce ta fi, alhali ba su rubuta ko layi goma ba.

Mu kuwa a takarda muke farawa. Ka rubuta da biro, ka bi layi-layi da yatsa kana lissafin abin da zai fito, domin layin jiran kwamfuta dogo ne, wuta kuma ba ta sallama in za ta tafi. In ka zauna, kompaila ta juya rubutunka zuwa harshen na'ura, ko ta nuna maka inda ka manta waƙafi, ba sani ba sabo. Aikinka duka yana cikin faifan fulofi da bai wuce megabait 1.44 ba, ka jefa aljihu ka hau motar Zurmi. Da Visual Basic 6 ta zo a 1998, muka ga ana jawo maɓalli da linzami a dasa shi a kan taga, har muka riƙa jin kanmu injiniyoyi.

Abin da muka manta shi ne waɗannan kayan ba su taɓa neman intanet ba. Satumban 2021 ya tuna mana, lokacin da aka katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Mai lissafin shago a yanar gizo ya zauna jugum, wanda manhajarsa ke cikin kwamfutarsa ya ci gaba da ciniki.

Saboda haka ɗalibin da ya zo min da tsohuwar laftof, nakan ce masa daidai ruwa daidai tsaki. Visual Studio babba ce, amma tana cin gigabait da data. Lazarus, mai tafiya da Free Pascal, kyauta ce, ba nauyi, kuma tana da tagogi da maɓallai irin waɗanda muka sani. Mai son C++ ga Code::Blocks da kompailar GCC. Mai Python ga Tkinter. Visual Basic 6 dai, duk ƙaunarmu gare ta, Microsoft ta janye mata tallafi tun 2008, ba zan ɗora yaro a kanta ba.

Sai ɗalibin ya ɗauki ɗaya a filash, ya gina wa ɗan kasuwar Shinkafi manhajar da za ta riƙe masa lissafin buhuna da bashin ranar Alhamis.