Yawan kai ba shi ne rinjaye ba

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ake ta guɗa a gidajen rediyo da fadojin shayi, wai yanzu ta tabbata Hausawa ne masu rinjaye a Nijar. Masu wannan murna su zo Magarya da Dungas su maimaita ta a gaban mutane.

Ƙidayar 2012 ta samu mutum sama da 900,000 a gundumomin nan biyu. Jihar Agadez gaba ɗayanta ba ta kai haka ba, Diffa ma ba ta kai ba. Daga Bande zuwa Wacha, daga Dogo-Dogo zuwa Malawa, ƙauye na jin carar zakaran ƙauye, gonar gado ta tsuke har ba ta ciyar da gida zuwa kaka. Da yawan kai ke ba da iko, da ba a raba kuɗin ƙasa sai an tambaye mu. Amma tun 2005 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa MSF ke jinyar yara masu tamowa a Magarya, kowace damina gadaje su cika. Wane mai rinjaye ne baƙi ke riƙe masa ran 'ya'yansa shekara ashirin?

Mai rinjaye shi ne wanda masu mulki ke shakkar ɓacin ransa. Talaka kuwa da ƙuri'a kaɗai yake sa a yi shakkarsa. A Afrilun 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa mana wakilai daga sama. A watan da aka karrama harshenmu, a cikinsa aka rushe jam'iyyu. Yau manomin Kwaya wa zai tsige idan rijiyar garinsu ta ƙafe?

Za a ce ai manyan ƙasa da Hausa suke magana. To, sai me? Mahamane Ousmane ɗan Damagaram ya ci zaɓe a 1993, kuma wanda ya kifar da shi a Janairun 1996, Ibrahim Bare Mainasara, Bahaushe ne. Harshe bai taɓa zuba wa kowa kwalta ba.

Ciwon ma tsoho ne. Tun 1926 da Faransawa suka ɗauke babban birni daga Zinder suka kai Yamai, gabas ke noma gyaɗa tana biyan haraji, shawara kuma a yanke ta a bakin kogi. Gwamnatoci nawa suka shuɗe, na farar hula da na soja, babu wadda ta warware wannan ƙulli, kuma aya ɗaya a kundi ba za ta warware shi ba.