Kafin A Zargi Keken Ɗinki, A Dubi Allurar

A gidaje da dama da ake da keken ɗinki, akwai wani hukunci da aka daɗe da yankewa ba tare da an saurari wanda ake tuhuma ba: wai keken gida ba ya ɗinka jins. Hujjar ba ta wuce abin da ido ya gani ba. An ɗora wando za a rage masa tsawo, keke ya tafi lafiya har ya iso inda ɗinkin gefe ya yi tudu, sai allura ta karye, ko zare ya cukurkuɗe a ƙasa, ko ɗinkin ya riƙa tsallake. Daga nan sai a naɗe wandon a jefa shi ƙasan akwati, matar da ke ɗinki a gida kuma ta ƙudurta ba za ta sake karɓar irin wannan aiki ba sai ranar da Allah ya hore mata babban keke irin na masana'anta.

A ganina an zalunci keken. Galibi laifin na allura ne, wato abin da ya fi komai araha a jikinsa, sai zare, sai tazarar ɗinki, sai kuma yadda hannu ke bi da tudun nan. Dukkansu ana gyara su da kuɗin da bai kai na wando ɗaya na gwanjo ba.

Saƙar jins ta sha bamban da ta atamfa. A atamfa, zaren tsaye da na kwance suna haurar juna ne ɗaya bayan ɗaya. A jins kuwa, zaren tsaye yakan haura zaren kwance uku kafin ya nutse ƙarƙashin guda, kowane layi kuma yana ɗan gocewa daga wanda ya gabace shi. Shi ya sa idan aka ƙura wa yadin ido ake ganin siraran layuka a karkace. Irin wannan saƙa tana ba masaƙa damar cusa zare mai kauri a matse, har ya zama allura ba ta samun 'yar kafar da za ta bi, sai dai ta huda wa kanta hanya. Ana auna nauyin yadin da oza a kowane murabba'in yadi. Na riga yakan tsaya tsakanin oza 5 zuwa 8, wandon da aka saba sawa tsakanin 11 zuwa 14, abin da ya haura 16 kuwa ana lissafa shi cikin masu nauyi ƙwarai. Ko matsakaicin ya ninka atamfa nauyi fiye da sau biyu.

Taurin kai gadonsa ne. Ana danganta sunan yadin, denim, da birnin Nim na kudancin Faransa, kalmar jins kuma da birnin Jenowa na Italiya, amma wandon da muka sani a Amurka aka haife shi. Ranar 20 ga Mayu, 1873, wani tela mai suna Jacob Davis da ke garin Reno na jihar Nebada, tare da Levi Strauss, ɗan kasuwar San Faransisko da ke sayar masa da yadi, suka karɓi takardar mallakar fasahar ƙarfafa bakin aljihu da ƙananan ƙusoshin tagulla. Leburori da masu haƙar ma'adinai aka yi wa tufar, don ta jure dutse da ƙarfe. Wanda ya tunkare ta da allurar da ya ɗinka mayafi jiya, bai kamata ya yi mamakin abin da zai biyo baya ba.

A jikin kwalin allura akwai lambobi biyu: 80/12, 90/14, 100/16, 110/18. Ta biyun ita telolinmu suka fi sani, "lamba 14", "lamba 16", tsohon lissafin Amurka ne. Ta farkon ta fi bayani, domin kaurin allurar take faɗa: 100 na nufin milimita ɗaya cif, 80 kuma milimita 0.8. Mai karatu zai ce bambancin bai taka kara ya karya ba. To, a lissafin injiniyoyi, ƙarfin da siririn ƙarfe mai zagaye ke da shi na jure lanƙwasa yana ƙaruwa ne da kaurinsa ninki cikin ninki har sau huɗu. Saboda haka allura mai lamba 100 ta fi mai lamba 80 jure lanƙwasa kusan sau biyu da rabi. Hausawa sun ce kada a ga ƙanƙantar allura, ƙarfe ce. Sai dai ƙarfe ma suna ya tara.

Lanƙwasar nan ita ce tushen kusan duk matsalar. Ɗinki yana ƙulluwa ne idan allura ta nutse, ta ɗan ɗago, zarenta ya yi 'yar zarga a bayanta, sai ƙugiyar da ke ƙasa ta zo daidai wannan lokaci ta cafke zargar ta zagaya da ita kan zaren ƙasa. Tazarar da ke tsakanin allura da bakin ƙugiya ba ta kai rabin milimita ba. Idan yadi mai tauri ya karkatar da siririyar allura ko da kaɗan ne, ƙugiya ta wuce hannu rabbana, ɗinki ya tsallake. Idan karkatar ta yi yawa, allura ta soki farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin yadi ta karye, ko ta karce bakin ƙugiyar. Karcen nan shi zai riƙa tsinka zare daga baya ko da a kan atamfa ne, har a kai keken wurin mai gyara ana cewa jins ya lalata shi.

Akwai allurar da aka ƙera musamman don wannan yadi. A kwalinta za a ga 130/705 H-J. Jikinta ya fi na gama-gari tauri, tsininta kuma an fasalta shi don ratsa matsattsiyar saƙa. Kamfanin Schmetz na Jamus yana yi mata alama da shuɗin zobe a wuya. Lamba 90 ta wadatar ga jins na riga, 100 ga wando, 110 ga mai nauyi ko wurin da yadi ya ninku. Idan ba a samu ta jins ba, sabuwar allura ta gama-gari mai lamba 16 ko 18 za ta yi aiki fiye da yadda ake zato. Muhimmin abu ta kasance sabuwa. Masu ƙera allura suna ba da shawarar a sauya ta bayan kimanin awa takwas na ɗinki, alhali mu a nan ba ma rabuwa da allura sai ta karye. Wani abin lura a kasuwa, inda ake yawan sayar da allura ɗai-ɗai ba kwali: ta keken gida gindinta yana da gefe guda a shafe, ta keken masana'anta, mai alamar DBx1, gindinta zagaye ne. Ba sa maye gurbin juna.

Zare da tazara ba su buƙatar dogon bayani. Zaren nan mai ruwan zinariya da ake gani a jikin jins ya fi na yau da kullum kauri sosai, kuma yana son allura mai faɗin ido. Keken gida ya fi lamuntarsa idan an sa shi a sama kaɗai, a bar zaren roba na yau da kullum a ƙasa. Tazarar ɗinki a buɗe ta zuwa milimita 3 ko 4. Ƙananan ɗinki a kan yadi mai kauri suna cunkushewa wuri guda, su hana haƙoran keke jan yadin gaba.

Inda aka fi shan kaye shi ne tudun kalmasa. Ɗinkin da ke bin cikin ƙafar wando galibi naɗaɗɗe ne, yadi huɗu ne a kan juna. Idan aka zo kalmasa aka naɗe bakin sau biyu, huɗun nan sun zama goma sha biyu, a cikin tazarar da ba ta fi faɗin yatsa ba. Da ƙafar keke mai danne yadi ta fara hawa tudun, sai gabanta ya ɗaga, bayanta ya sauka, ta daina danne yadin a kan haƙora. Keke ya tsaya wuri ɗaya yana suka. A nan ne mai ɗinki kan kama yadin ya ja daga baya, ja kuwa shi ke lanƙwasa allura.

Maganin yana cikin kowane gida. A ɗora tudun a kan katako, a rufe shi da tsumma, a bubbuge shi da guduma har ya kwanta; dukan yana sassauta zaruruwan yana rage kaurin. A goge shi da dutsen guga mai zafi da ɗan yayyafin ruwa. Idan ɗinki ya iso gindin tudun, a tsaya allura na ciki, a ɗaga ƙafar, a cusa naɗaɗɗen ƙyallen jins ko guntun kwali a bayanta don ta daidaita, sannan a sauke. Daga nan a janye ƙafa daga feda, a juya kan keke da hannu, suka ɗaya bayan ɗaya, har a haye. Ɗinki biyar ko shida ne kacal, ba su kai minti guda ba. A Turai da Amurka ana sayar da wata 'yar roba don wannan aiki. Kwalin sabulu ma yana yi.

Abin da ya fi ba ni haushi a hukuncin da aka yanke wa keken gida shi ne, wanda aka fi rainawa shi ya fi cancanta. Baƙin keken nan na ƙarfe da ke cikin kayan ɗakin iyayenmu, Butterfly na Shanghai da 'yan uwansa, an kwaikwayi ƙirarsa ne daga tsohon Singer samfuri na 15, wanda ya fito tun ƙarshen ƙarni na 19. Ɗinki miƙaƙƙe kaɗai ya iya, amma cikinsa ƙarfe ne zalla, allurarsa ba ta lilo hagu da dama, kuma yana karɓar irin allurar gida da aka ambata a sama. Ƙaramin keken lantarki na roba mai ado iri ashirin shi ne ke gurnani idan ya haɗu da tudu. Tsohon kuwa mai kawai yake so da share ƙura daga ƙarƙashin haƙora, ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke.

Za a iya cewa, ina amfanin wahalar, tunda tela a bakin kasuwa zai yanke ƙafar wando cikin minti goma? Akwai gaskiya a ciki, kuma akwai abin da keken gida ba zai taɓa yi ba. Kalmasar masana'anta ɗinkin sarƙa ce, da keke na musamman ake yin ta. Ƙusoshin aljihu da maɓallin ƙugu suna buƙatar nasu kayan aiki. Yadin da ya haura oza 16 a bar wa babban keke. Amma mafi yawan abin da jins ke buƙata a rayuwarsa bai kai nan ba. Wanda ya shiga layin 'yan gwanjo a kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ya san wandunan da ke zube a wurin don wasu jikkuna aka yanka su. Wanda ya yi daidai a ƙugu sai ya zarce a ƙafa. Ga na yara da gwiwa ke fashewa, ga zif da ke mutuwa, ga tsakanin cinyoyi da ke sudewa alhali sauran wandon garau yake. Aiki ne da ba ya yankewa, kuma matar da ke mayar da shi daga ƙofar gidanta saboda tsoron karyewar allura, ciniki take kora. A gefe guda kuma, kamfanin Levi Strauss da kansa ya ƙiyasta a 2015 cewa wando ɗaya samfurin 501 yana cin ruwa lita 3,781 daga gonar auduga zuwa ƙarshen rayuwarsa. Abin da aka kashe wa wannan bai cancanci bola saboda huda mai faɗin kwabo ba.

Wanda zai sayi yadin ya ɗinka daga farko, ya wanke shi kafin ya sa almakashi. Yana tsukewa a wankin farko, yana kuma zuba. Rinin jins shuni ne, dangin wanda marina Ƙofar Mata suka daɗe suna samu daga baba, ko da yake na masana'anta haɗin sinadari ne tun da kamfanin BASF ya fara sayar da shi a 1897. Shunin a bayan zare yake zama, cikin zaren fari ne. Shi ya sa jins ke koɗewa da kyau, shi ya sa kuma duk ɗinkin da aka warware yakan bar farin tabo. Don haka a gwada allura da zare a kan guntun da aka yanke daga ƙafar, a ninka shi yadda za a ninka na gaske, kafin a taɓa wandon. Jins mai talewa, wanda aka saƙa da ɗan zaren roba a ciki, wani lokaci yakan ƙi allurar jins. Idan ɗinki ya tsallake a kansa, a gwada allurar yadi mai talewa, mai alamar H-S.

Gyaran tsakanin cinyoyi kuwa, a yi shi tun yadin yana sirancewa, kafin ya huje. A juya wandon, a shimfiɗa ƙyallen jins mara nauyi a ciki wanda ya zarce wurin da inci ɗaya ta kowane gefe, a kafe shi. A juyo waje, a sa siririn zare mai launin da wandon ya koma bayan koɗewa, wanda galibi ya fi kusa da toka-toka fiye da shuɗi. Sai a riƙa ɗinki gaba da baya, layi kusa da layi, ana bin tsayen zaren yadin, har ƙyallen da wandon su zama abu guda. Allura lamba 14 ta isa a nan, domin yadi biyu ne kawai, ɗayan ma ya riga ya gaji.