Turanci A Sauƙaƙe: Kada "When" Ta Ruɗe Ku A Zauren Jarrabawa

Ƙannenmu ɗalibai, musamman 'yan aji shida na Sabon Birni da Isa da ƙauyukan kewaye. Mun san rashin tsaro ya cinye wa da yawa daga cikinku makonnin karatu, ga shi kuma WAEC da NECO ba sa jiran kowa. Shi ya sa yau muka ɗauko wata tambaya da ba ta cika ɓacewa daga takardar Turanci ba.

A sashen fahimtar labari, sukan ciro wani yanki daga cikin jimla, su ce ku faɗi sunansa a nahawu, sannan ku faɗi aikinsa. Sau da yawa amsar ita ce "adverbial clause", wato ganga dogarau mai aikin bayanau. Kun san ganga daga darasin Hausa: rukunin kalmomi ne mai ɗauke da mai aikatawa da aikatau. Wannan gangar ba ta tsayawa da ƙafarta. Aikinta shi ne ƙarin bayani a kan aikatau: yaushe aka yi, a ina, don me, ta yaya, bisa wane sharaɗi.

Abin farko, ku nemi aikatau a cikin yankin. Ga misali daga tarihinmu na Gobir: "After Alkalawa fell in 1808, many people left the area." Yankin farko yana da mai aikatawa, Alkalawa, da aikatau, "fell", don haka ganga ce. Da an ce "After the fall of Alkalawa", babu aikatau, sunansa ya koma "adverbial phrase".

Abu na biyu shi ne inda ake yawan zubar da maki. Wasu sun haddace cewa duk inda suka ga "when" ko "where", to gangar bayanau ce. Ba haka abin yake ba. Ku dubi waɗannan jimloli uku:

1. "When the Rima overflowed, the farmers left their farms."
2. "Nobody knows when the Rima will overflow."
3. "We remember the year when the Rima overflowed."

A ta farko, yaushe manoma suka bar gonakinsu? Lokacin da gulbi ya yi ambaliya. Ganga ce ta bayanau mai nuna lokaci. A ta biyu, mene ne ba wanda ya sani? Tambayar "mene ne" suna take nema, saboda haka "noun clause" ce, karɓau ga "knows". A ta uku, wace shekara ake nufi? Gangar tana siffanta "year", ta zama "adjectival clause". Kalma ɗaya ce ta buɗe dukkansu, amma aikin kowace daban.

Idan kuka yi shakka, ku gwada ɗage gangar daga gaba zuwa ƙarshe: "The farmers left their farms when the Rima overflowed." Ma'ana ba ta canja ba. Galibin gangunan bayanau suna yarda da wannan ƙaura. Ku kuma gwada cire ta gaba ɗaya: "The farmers left their farms" ta tsaya cikakkiya, amma "Nobody knows" ta bar mu muna jiran abin da ba a sani ba.

Wajen rubuta amsa, ku cika sunan: "adverbial clause of time". Idan da "because" ta fara, dalili take nunawa. "If" da "unless" sharaɗi. "Although" kuma saɓanin abin da ake tsammani. A ɓangaren aiki, kada ku tsaya a cewa tana bayani a kan aikatau, ku ambaci aikatau ɗin da sunansa: "It modifies the verb left."

Ga aikin gida. Ku nemo gangar da ke cikin kowace jimla, ku faɗi sunanta da aikinta:

1. "Although the road to Isa is bad, the traders still travel."
2. "Show me the field where you planted onions."
3. "Hadiza will pass if she reads every day."

Ku yi shi a littafinku, ku kai wa malamin Turanci ya duba. Amsoshi na nan tafe a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.