RA'AYINMU: BAYAN TAFI DA GUƊA, WA ZAI KOMA WURIN GARKEN?

Muna gode wa Allah da ya sāke kai mu lokacin yaye ɗalibai a makarantunmu na Littafi Mai Tsarki da kwalejojin tauhidi. Muna taya dukan waɗanda suka kammala karatu murna, tare da matansu da mazajensu da iyayensu, da malaman da suka yi ɗawainiya da su. Waɗanda suka karɓi lambar yabo kuma, Allah ya sa albarka cikin hazaƙar da ya ba su. Duk wanda ya taɓa zama a aji yana fama da Girkanci alhali kuɗin makaranta bai cika ba, ya san ba a banza ake samun wannan takarda ba.

A bana na halarci bikin a ɗaya daga cikin kwalejojinmu. Tun da safe fili ya cika. Malamai suka shigo a jere cikin rigunansu, ɗalibai na biye da su, zumuntar mata daga ikilisiyoyi dabam dabam suna waƙa da tulu da caki. Bayan wa'azi da jawabin shugaban makaranta aka shiga rabon kyaututtuka: wanda ya fi kowa a Girkanci, wanda ya fi a Ibrananci, da tarihin ikilisiya, da wa'azi, da halin kirki. Akwai wani saurayi da aka kira sunansa har sau uku. Duk lokacin da aka kira shi, sai wasu mata a can baya su ɓarke da guɗa. Daga ƙarshe aka ce ɗalibai su durƙusa, manyan bayin Allah suka miƙa hannu a kansu, aka yi addu'ar sallama zuwa gonar Ubangiji.

Da aka tashi, na nemi mutanen saurayin nan don in yi musu barka. Ashe daga wata ƙaramar ikilisiya suka fito, can nesa a ƙauye, suka yi karo-karo suka ɗauki hayar mota, suka kwana a hanya. Na gai da dattijon da ya jagorance su, na ce, “Baba, yau ranarku ce.” Ya ce, “Haka ne, Rabaran, mun gode Allah. Amma wannan shi ne na uku da muka turo. Na farko yana birni, na biyu ya tafi ƙaro karatu, shekara nawa ke nan ko wasiƙa babu. Mai bisharar da ke riƙe da mu ya tsufa, idonsa ba ya ganin rubutu sosai. Baftisma da Jibin Ubangiji kuwa sai mun jira wata da watanni kafin a aiko mana fasto. Ka taya mu addu'a wannan ya dawo.”

Maganar dattijon nan ce ta sa muka ɗauki wannan batu a wannan fitowa, domin mun san ba ikilisiyarsa kaɗai ke wannan kuka ba. Masu karatunmu a ƙauyukan Kano da Katsina da Jigawa, da na Zamfara da Sakkwato da Kebbi, da na Bauchi da Yobe da Borno, sun san abin da muke faɗi. Ƙananan ikilisiyoyi su ne ke tura 'ya'yansu makaranta da kuɗin guminsu, amma idan ranar girbi ta zo, amfanin a wani rumbu ake zuba shi.

Bari mu tuna yadda ake biyan wannan karatu. Ikilisiyar da ba ta kai mutum ɗari ba, takan ware buhunan dawa ko gero daga baikon godiyar kaka, a kai kasuwa a sayar. Zumuntar mata sukan yi ƙodago a gonar wani, ko su yi ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, su kawo abin da suka samu. Matasa sukan nome gonar ɗalibin a damina domin iyalinsa su sami abinci. Gwauruwa takan ƙulle 'yan kuɗinta a bakin zane ta ba shi ranar komawa makaranta. Saboda haka, ko da yake suna ɗaya ne aka rubuta a kan takardar shaida, hannuwa da yawa ne suka ɗauki wannan jinka. Hausawa sun ce yaba kyauta tukuici. Tukuicin da waɗannan mutane ke jira kuwa shi ne su ga ɗansu tsaye a gabansu ran Lahadi yana buɗe musu Maganar Allah da harshen da suke ji.

Don wannan aka kafa makarantun tun farko. Lokacin da mishan ta SUM ta buɗe Gindiri a 1934, manufarta ita ce horar da masu bishara da malamai waɗanda za su koma cikin mutanensu. Ɗalibai sukan zo da iyalansu, su yi karatu, su kuma yi noma, domin in sun koma ƙauye su iya ciyar da kansu. Shekara biyu kafin nan, a 1932, cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, bayan doguwar wahalar da Likita Walter Miller da abokan aikinsa suka sha, don manomi da matar gida su ji Maganar da kunnensu. Da ikilisiya ta girma, aka ga bukatar zurfin ilimi, sai aka buɗe kwalejin tauhidi ta TCNN a 1959, wadda take Bukuru, ECWA kuma ta buɗe JETS a Jos a 1980. Marigayi Dakta Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya yi digirin dakta a Amurka, ya kuma zama babban sakataren ƙungiyar masu bishara ta Afirka a 1973, ya yi ta kira a horar da shugabanni masu zurfin sani har rasuwarsa a 1975. Abin da ya dame shi shi ne kada garke ya ci guba saboda rashin makiyayan da suka san Maganar. Garken da ke ƙauye kuwa, inda babu littattafai, babu kuma wanda za a tambaya, shi ya fi kowa bukatar irin wannan makiyayi.

Kada wani ya ce yawan ilimi ya fi ƙarfin ƙaramin wuri. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya taso daga makarantar mishan ta Wusasa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975, ya kuma riƙe ministan harkokin waje daga 1979 zuwa 1983. Duk da haka ya ƙarasa rayuwarsa a Samaru yana duba marasa lafiya, yana kuma hidimar Bishara, har Allah ya kira shi a 2005. A cikin Littafi Mai Tsarki ma, Bulus da ya yi karatu a gaban Gamaliyel bai ji kunyar ɗinkin alfarwa a Koranti ba. Filibus kuma yana tsakiyar babban aiki a Samariya aka aike shi hanyar hamada saboda mutum ɗaya, ya tashi ya tafi.

Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ba za mu ɗora wa ɗalibai laifin duka ba, domin akwai dalilan da ke hana su dawowa, wasu kuma daga wurinmu suke.

Na farko shi ne tsoro, ba kuwa tsoron banza ba ne. A rikicin Kaduna na watan Fabrairu 2000 an ƙone makarantar tauhidi ta Baptist da ke Kawo. A watan Oktoba 2014 'yan Boko Haram suka mamaye Kwarhi, hedkwatar EYN, malamai da ɗaliban makarantar Kulp suka gudu da abin da ke jikinsu. A arewa maso yamma kuma masu garkuwa da mutane sun sha ɗauke fastoci da limaman majami'u, kamar yadda suke ɗauke maƙwabtanmu Musulmi. Saurayin da ke da mata da ƙananan yara dole ya yi tunani. Ban da wannan, a wurare da yawa samun fili ko izinin gina majami'a yana da wuya, makarantar da zai sa 'ya'yansa ma ba lalle a sami mai koyar da darasin addinin Kirista ba.

Na biyu, mu dattawa mu tambayi kanmu gaskiya. Sau nawa fasto ya dawo ya tarar da gidan da aka ba shi yana yoyo? Sau nawa aka yi wata uku ko huɗu ba a ba shi abin da aka yanka masa ba, alhali an sami kuɗin sayen sabon lasifika? Sau nawa ya kawo shawara a taron dattawa aka ce masa, “A gabanmu aka haife ka”? Manzo Bulus da ya gargaɗi Timoti kada ya bari a rena ƙuruciyarsa, shi ne kuma ya umarci ikilisiya ta biya masu wahala cikin wa'azi da koyarwa hakkinsu (1 Timoti 4:12, 5:17-18). Ba daidai ba ne mu yi guɗa a ranar yaye, sa'an nan mu bar yaron da yunwa a shekarar farko.

Na uku, manyan ikilisiyoyin birni da ofisoshin gundumomi su ma suna da alhaki. Sukan zo bikin yaye kamar masu cin kasuwa, su rubuta sunayen waɗanda suka ci kyauta, kafin mako ya zagayo an yi musu tayin gida da babur. Ba wanda ya tambayi wace ikilisiya ce ta biya kuɗin karatun. Har ya zama a bakin wasu, tura fasto ƙauye horo ne ga wanda ya yi laifi. Wannan tunani bai dace da jikin Almasihu ba.

To, mene ne abin yi? Muna ba da shawarwari huɗu.

Da farko, kafin ikilisiya ta tura ɗalibi, a zauna da shi da iyalinsa da shugabannin gunduma, a rubuta yarjejeniya: shekara nawa zai yi hidima a gida bayan ya gama, me kuma ikilisiya za ta riƙa yi masa. Kowa ya sa hannu. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne, kyan alkawari dai cikawa, rubutu kuma yana hana gardama.

Na biyu, kowace babbar ikilisiya ta birni ta ɗauki nauyin albashin fasto ɗaya a ƙaramar ikilisiya, ta kuma riƙa ziyartarsa. Wannan ba sabon abu ba ne a gare mu. Ƙungiyar EMS ta ECWA, wadda aka kafa a 1948, da baikon masu bi na ƙasar nan ta daɗe tana tura ma'aikata wurare masu wuya. Idan kuwa ikilisiyar birni ta ga lalle tana bukatar ɗalibin da ƙauye ya horar, to, ta biya kuɗin karatun wani a madadinsa.

Na uku, muna roƙon hukumomin makarantu su duba jerin kyaututtukansu, domin abin da aka yi wa tafi shi ƙannen da ke baya za su bi. Kyautar Girkanci tana da kyau, a ci gaba da ita. Amma a ƙara kyauta ga wanda ya fi iya wa'azi da Hausa ko da harshen mutanensa, gama muna ganin masu digiri da ba sa iya bayyana barata ta wurin bangaskiya ga tsohuwa sai sun cusa Turanci. A ba da kyauta ga wanda ya fi aminci a aikin gwaji na ƙauye. A karrama matan da suka gama makarantar mata da goyo a baya, kada a kira su a dunƙule a ƙarshen taro lokacin da mutane sun fara watsewa. A kowace shekara kuma a gayyato tsohon ɗalibi guda da ya yi shekara ashirin ko talatin a filin bishara, a tsai da shi a gaban taro a girmama shi, sababbi su gan shi da idonsu.

Na huɗu, a koya wa ɗalibai sana'a tare da tauhidi, kamar yadda aka yi a Gindiri: noman rani, kiwo, koyarwa, ko taimakon farko na lafiya. Faston da ke da abin yi a hannunsa ba ya zama kaya ga ikilisiya, yakan kuma zama mai amfani ga dukan gari. Sau da yawa ta wannan hanya ce maƙwabta ke fara ganin mutuncinsa, zaman lafiya kuma ya ƙaru.

Ku kuma 'ya'yanmu da kuka gama, ku saurari wanda ya taɓa sa wannan riga shekaru da yawa da suka wuce. Rigar ta kwana ɗaya ce, washegari za a naɗe ta a ajiye. Ba mu ce kada ku ƙaro karatu ba, ikilisiya tana bukatar malaman kwaleji da masu fassara da marubuta. Amma ku fara biyan bashin da ke kanku, in kuma za ku tafi, ku tafi da sani da albarkar waɗanda suka aike ku. Luka 12:48 ya nuna mana cewa gwargwadon abin da aka damƙa wa mutum, gwargwadon abin da za a tambaye shi ke nan, don haka mai kyauta uku tambayarsa ta fi ta mai ɗaya. Ku tuna kuma, sau uku Ubangiji ya tambayi Bitrus game da ƙaunarsa a bakin tekun Galili, kowane sau kuma kiwon garke ya ɗora masa.

Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta sa wannan batu cikin taronta na gaba, ta duba ɗaliban da ta tura, da waɗanda suka dawo, da halin da suke ciki. Ku rubuto mana abin da kuka gani da abin da kuka yanke, za mu buga domin wasu su amfana. Mu kuma ci gaba da addu'a saboda dattijon nan da ikilisiyarsa, da dukan masu jira irinsu.

Ubangijin girbi ya aiko da ma'aikata, ya kuma ba mu zuciyar riƙe su da kyau. Amin.