Ɓangaren D Ba Mafaka Ba Ne

A makon jiya wani malamin makaranta daga Kanya Babba ya kira ni, muryarsa na rawa. Kwamfutarsa ta cinya, wadda ya saya ta hannu a Kano, ta daɗe tana nuna jan layi a ɓangaren C, alamar wuri ya cika. Ya kai ta wurin mai gyara, aka ce masa abu ne mai sauƙi, za a haɗe C da D. Aka haɗe. Sakamakon jarrabawar ɗalibansa na zango uku da takardunsa na neman ƙarin girma duk a D suke, yanzu kuwa babu D.

Ban ga laifin yaron da ya danna maɓallin ba kamar yadda nake ganin laifin al'adar da ya gada. Daga Kano har Kazaure, kusan duk wanda ya ɗora maka Windows sai ya tsaga faifan ajiya gida biyu, ya bai wa C ɗan mitsitsin wuri, ya ce maka: "Yallaɓai, ka riƙa zuba kayanka a D, ko me ya faru suna nan." Wannan magana rabinta gaskiya ce. Idan Windows ta lalace aka goge C kaɗai, abin da ke D yakan tsira. Amma C da D faifai ɗaya ne, kamar rumbu guda da aka raba cikinsa da zana. Ranar da faifan ya mutu, ko ɓarawo ya ɗauke kwamfutar, tare za su tafi. Mutane da yawa sun daina ajiye kwafi a wani wuri saboda an gaya masu sun riga sun tsira, kuma nan ne cutar take.

Sai batun awo. Windows 11 kanta tana neman aƙalla gigabayit 64, kafin a zo ga sabuntawa da manhajoji. Wanda ya yanka maka C daidai wuya ya shirya maka dawowa shagonsa ne, ko ya sani ko bai sani ba.

Idan ka dawo, ga abin da ba a faɗa maka. Manhajar Disk Management da ke cikin Windows ba ta san haɗe ɓangarori biyu da kayansu ba. Ba ta faɗaɗa C sai in akwai fili maras mai shi manne da shi ta dama. Hanyar samun filin nan ita ce a share D ɗungurungum. Abin da ake kira "haɗewa" ke nan: rushewa, sannan faɗaɗawa. Akwai manhajoji irin su GParted da ke iya matsar da ɓangare ba tare da an share shi ba, amma aikin kan ɗauki sa'o'i ana kwashe bayanai daga wuri zuwa wuri. A garin da wuta ke ɗaukewa ba sallama, ga batirin kwamfuta da ya mutu tun kafin ta iso Najeriya, ga janareta mai tari, wa zai ce aikin zai kai ƙarshe? In ya tsaya a tsakiya, ɓangaren na iya ƙin buɗewa gaba ɗaya.

Za a ce talaka ba shi da kuɗin faifai na biyu. Na ji. Amma takardun malamin nan duka ba za su cika filashi mai gigabayit 16 ba. Mai gyaran da ya taɓa ɓangarorin faifai bai kwafe kayan mai shi ba, bai ma tambaye shi abin da ke ciki ba, caca ya yi da amanar da aka damƙa masa.

Na ce wa malamin ya kashe kwamfutar nan take, domin duk sabon abin da aka rubuta a faifan yana iya danne tsohon. An ceto wasu takardun. Sakamakon zango na biyu kuwa, daga tsofaffin takardun amsa yake sake haɗa shi da biro.